Rosie MacLennan: Yadda Daƙiƙa 20 A Sama Suka Zama Zinare Biyu A Gasar Olamfik

A yawancin wasannin da jama'a suka saba kallo, ɗan wasa yana da damar gyara kuskurensa. Mai tsaron gidan da aka zura wa ƙwallo a minti na biyar yana da sauran minti 85 a gabansa, ɗan damben da ya sha naushi a turmin farko kuma yana iya farfaɗowa a na biyu. Wasan taramfolin, wato tsalle da alkafura a kan wata shimfiɗaɗɗiyar raga mai sifirin, bai san irin wannan rangwame ba. A zagayen ƙarshe na gasar Olamfik, ɗan wasa zai yi tsalle 10 ne a jere ba tsayawa, cikin kimanin daƙiƙa 20, wato sulusin minti ɗaya. Idan ƙafarsa ta kauce ta taɓa gefen gadon a tsalle na uku, an gama, sai kuma bayan shekara huɗu.

Wannan ne ya sa tun da aka shigar da wasan cikin gasar Olamfik a shekarar 2000, aka yi shekara 16 ba a samu wanda ya ci lambar zinare sau biyu ba, mace ko namiji. Wadda ta fara yin hakan ita ce Rosie MacLennan, 'yar ƙasar Kanada, da ta yi nasara a Landan a 2012, ta kuma maimaita a birnin Rio na ƙasar Birazil a 2016. Abin lura a tarihinta shi ne, hanyar da ta bi ta ci zinaren farko daban take da wadda ta bi ta ci na biyu. A Landan ta yi nasara ne da jerin salo mai wuyar gaske, a Rio kuwa sai ta rage wa kanta kaya da gangan, bayan wani rauni da ta samu a ka wanda ya kusa raba ta da wasan. Fahimtar dalilin wannan zaɓi na buƙatar a fara sanin yadda wasan yake da yadda ake auna shi.

Asalin wasan

An ƙirƙiri taramfolin na zamani ne a Amurka a shekarun 1930. Wani ɗalibin Jami'ar Iowa mai suna George Nissen, wanda gwani ne a wasan lanƙwasa jiki da tsunduma cikin ruwa, ya lura da yadda masu wasan lilo a sama suke faɗowa kan ragar kariya, ragar ta sake cilla su sama. Shi da mai horar da shi, Larry Griswold, suka ɗaura tamfol a jikin firam na ƙarfe da robar tayar mota, suka samu abin da ke mayar da mutum sama duk lokacin da ya diro. Sunan kuwa Nissen ya aro shi ne daga kalmar Sifaniyanci da ke nufin katakon da masu ninƙaya ke takawa su daka tsalle cikin ruwa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka sun yi amfani da na'urar wajen koya wa matuƙa jiragen sama yadda za su gane sama da ƙasa alhali jikinsu na juyawa, daga baya ma aka horar da 'yan sama jannati da ita. An gudanar da gasar cin kofin duniya ta farko a Landan a 1964, inda Amurkawa biyu, Dan Millman da Judy Wills, suka yi nasara. Sai dai wasan ya jira har zuwa gasar Sydney ta ƙasar Ostireliya a 2000 kafin ya samu gurbi a Olamfik. 'Yan Rasha biyu, Irina Karavaeva da Alexander Moskalenko, su ne suka ɗauki zinaren farko, Nissen kuwa, wanda a lokacin ya haura shekara 80, yana cikin 'yan kallo.

Gadon tsallen da ake gasa a kansa a yau ya yi nisa da wanda ake girka wa yara a wuraren shaƙatawa. Ragarsa saƙaƙƙiya ce, tsawonta mita 4.28, faɗinta mita 2.14, an ɗaure ta da sifirin fiye da 100 a jikin firam ɗin da ya ɗaga sama da mita ɗaya daga ƙasa. A tsakiyarta akwai alama da aka zana da jan launi, wadda ita ce ɗan wasa ke nema da ido duk lokacin da yake saukowa. Ƙa'ida ta tanadi cewa rufin zauren gasa kada ya gaza mita 8, domin manyan 'yan wasa suna kaiwa tsayin da ya yi daidai da bene. A gefen gadon akwai katifu, mai horarwa kuma yakan tsaya riƙe da wata katifar a hannu, domin ya tura ta kan ragar da sauri idan ya ga ɗan wasansa zai faɗo ba daidai ba.

Yadda ake ba da maki

Ɗan wasa yana da minti ɗaya ya yi tsalle-tsallen share fage har ya kai tsayin da yake so. Da zarar ya fara salo na farko, dole ne ya jera 10 ba tare da ya sa tsallen hutu a tsakani ba, kuma salon da aka maimaita ba a lissafa wuyarsa. Bayan na 10, sai ya tsayar da ragar, ya tsaya cak na kimanin daƙiƙa uku.

Abu na farko da ake aunawa shi ne wuyar salo. Ana ƙirga yawan alkafurar da ɗan wasa ya yi a sama, da yawan murɗawar da jikinsa ya yi kamar katantanwa, da kuma siffar da ya riƙe. Siffofin uku ne: dunƙule, inda ake haɗa gwiwoyi da ƙirji, ninke, inda ƙafafu ke miƙe amma jiki ya lanƙwashe a ƙugu, sai miƙe, inda jiki ke zama sambal kamar sanda. A ƙa'idar da aka yi aiki da ita a zamanin MacLennan, alkafura biyu da rabin murɗawa a dunƙule maki 1.1 ne, a ninke kuma 1.3. Alkafura uku da rabin murɗawa a ninke takan kai maki 2.0. Jimillar salo 10 na manyan mata takan tsaya tsakanin maki 14 da 15 da ɗoriya.

Abu na biyu shi ne tsaftar aiki. Alƙalai suna duban ko ƙafafu a haɗe suke, ko yatsun ƙafa a miƙe suke, ko hannaye na manne da jiki, da kuma ko ɗan wasa ya buɗe jikinsa da wuri kafin ya diro. Kowane salo ana iya rage masa har rabin maki.

Abu na uku shi ne tsawon lokacin da aka yi a sama, wanda aka fara lissafawa a Olamfik daga gasar 2012. Na'ura ce ke auna shi, kuma kowace daƙiƙa ɗaya maki ɗaya ce. Gwanayen mata sukan tara daƙiƙa 15 zuwa 16 a tsalle 10, maza kuwa 17 zuwa 18. Wanda ya yi daƙiƙa 1.6 a sama a tsalle guda, jikinsa ya tashi kimanin mita uku ke nan daga kan raga. Daga 2017 aka ƙara ma'auni na huɗu, wato nisan da ɗan wasa ya yi daga tsakiyar raga a kowace dira.

Wahalar lissafin ita ce, waɗannan ma'aunai suna ja-in-ja da juna. Salo mai wuya yana kawo maki, amma yana cin tsayi, domin ƙarfin da ya kamata ya cilla mutum sama an karkatar da wani ɓangarensa wajen juya jiki. Idan tsayi ya ragu, lokacin da za a kammala salo na gaba ya ragu, sai a yi shi cikin gaggawa, tsafta ta lalace, dira ta kauce. Ƙarin maki 0.4 da aka samu ta wajen wuya yana iya jawo asarar maki ɗaya ta wajen tsafta da tsayi. Kowane ɗan wasa da mai horar da shi sai sun zauna sun yanke inda ribarsu take.

Daga King City zuwa Beijing

An haifi Rosannagh MacLennan a ranar 28 ga Agustan 1988, ta kuma tashi a garin King City da ke lardin Ontario, arewa da birnin Toronto. Ita ce auta cikin 'ya'ya huɗu, kuma yayyenta ta bi zuwa wajen tsalle tana da shekara bakwai. Wasan motsa jiki gadon gidansu ne: kakanta ya samu gurbin wakiltar Kanada a wasan lanƙwasa jiki a gasar Olamfik ta 1940, wadda da farko aka ba birnin Tokyo, daga bisani yaƙi ya hana a yi ta gaba ɗaya.

Ta yi sa'ar wurin koyo. Kulob ɗin Skyriders da ke Richmond Hill yana ƙarƙashin Dave Ross, mai horarwar da kusan duk lambobin Olamfik na farko da Kanada ta samu a wannan wasa suka fito daga hannunsa. A can Karen Cockburn take atisaye, wadda ta ci tagulla a Sydney a 2000, ta ci azurfa a Athens a 2004, ta sake cin azurfa a Beijing a 2008. A can ne kuma Mathieu Turgeon, mai tagullar maza ta 2000, da Jason Burnett, mai azurfar maza ta 2008, suka samu horo. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yarinyar da ke ganin masu lambar Olamfik suna faɗuwa suna tashi a gado na kusa da nata kullum, ba za ta ɗauki matsayinsu abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam ba.

MacLennan ta fara fita gasar ƙasa da ƙasa tana da shekara 11. Babbar nasararta ta farko ta zo ne a rukunin mutum biyu, inda 'yan wasa biyu ke yin salo iri ɗaya a lokaci ɗaya a kan gadaje biyu da ke jere, ana auna yadda dirarsu ke zuwa tare. Ita da Cockburn suka ci zinaren duniya a wannan rukuni a birnin Quebec a 2007. Shekara guda bayan haka ta je Olamfik ta farko a Beijing, ta shiga zagayen ƙarshe, ta zo ta bakwai. He Wenna ta ƙasar Sin ce ta ɗauki zinare a gaban jama'arta.

Shekarun da suka biyo baya na hawa ne a hankali. Ta ci tagulla a gasar duniya ta 2010 a birnin Metz na Faransa, ta ci azurfa a ta 2011 a Birmingham, a wannan shekarar kuma ta ɗauki zinaren wasannin nahiyar Amurka a Guadalajara ta ƙasar Meziko. Duk da haka, idan ana lissafin masu cin zinaren Landan, 'yan wasan Sin ake fara ambata, domin su ne suka mamaye wasan a lokacin.

Landan 2012

Tsarin Olamfik a wannan wasa ba shi da tausayi. 'Yan wasa 16 ne ke shiga a kowane jinsi, a tace su zuwa takwas, a yi zagayen ƙarshe duk a yini guda. Makin da aka samu a zagayen tacewa ba ya bin mutum, kowa daga sifili yake farawa, kuma wadda ta fi maki a tacewa ita ke hawa gado daga ƙarshe.

A ranar 4 ga Agustan 2012, MacLennan ta shiga zagayen ƙarshe a matsayi na huɗu. Ta gabatar da jerin salo mai wuyar maki 15.4, ta kammala shi da tsafta da tsayi, alƙalai suka ba ta jimillar 57.305, makin da ba ta taɓa samun irinsa ba. Daga nan sai zaman jira, domin akwai sauran mutum uku da suka fi ta a tacewa. Huang Shanshan ta Sin ta samu 56.730. He Wenna, mai riƙe da kambun, ta hau daga ƙarshe, ta tafi lafiya har zuwa salo na ƙarshe, sai dirarta ta ƙwace ta faɗi a kan raga. Ta tashi da 55.950 da lambar tagulla. Cockburn, wadda ke neman lambarta ta huɗu, ta zo ta huɗu.

Wannan ita ce lambar zinare ɗaya tilo da tawagar Kanada ta koma gida da ita daga Landan. Sai bayan shekaru ne aka ɗaga Christine Girard, mai ɗaga nauyi, zuwa matsayin zinare, bayan an kama waɗanda suka sha gabanta da amfani da haramtattun ƙwayoyi. MacLennan ta tabbatar da cewa nasarar ba ta sa'a ba ce da ta ci gasar duniya a birnin Sofia na Bulgeriya a 2013, ta kuma zo ta biyu a Daytona Beach ta Amurka a 2014.

Rauni a ka

A tsakiyar 2015, makonni kaɗan kafin wasannin nahiyar Amurka da aka shirya a Toronto, MacLennan ta faɗi a wajen atisaye, ta samu girgizar ƙwaƙwalwa. Ta shiga gasar duk da haka, ta ci zinare a gaban 'yan garinsu. Ba a daɗe ba ta sake buguwa a ka, wannan karon a wajen fili, a jikin mota. Daga nan al'amarin ya tsananta: ciwon kai, jiri, matsalar gani, har da cakuɗewar kalmomi a baki.

Girgizar ƙwaƙwalwa tana faruwa ne idan bugu ya sa ƙwaƙwalwa ta motsa da ƙarfi a cikin ƙoƙon kai. Sau da yawa ba a ganin jini ko kumburi, mutum ma ba lallai ya suma ba, shi ya sa ake raina ta. Likitoci suna gargaɗin cewa bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari, kuma yakan tsawaita jinya. Saboda haka ƙa'idar da ake bi a manyan wasanni a yau ita ce a fitar da ɗan wasa nan take, ya huta, sannan a mayar da shi aiki mataki-mataki, idan alamun suka dawo a koma baya.

Ga mai wasan taramfolin, wannan rauni ya taɓa ainihin jarinsa ne. Wanda ke alkafura uku cikin ƙasa da daƙiƙa biyu ba shi da lokacin tunani. Abin da ke gaya masa inda yake shi ne haɗin gwiwar abubuwa uku: ido da ke hango raga a tsakiyar juyi, da sashen cikin kunne da ke auna daidaiton jiki, da kuma jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa matsayin kowace gaɓa. Idan saƙonnin nan uku suka saɓa wa juna, mutum zai buɗe jikinsa a lokacin da bai dace ba, ya sauko da wuya ko da ka daga tsayin mita da dama. Masu wasan suna da masaniyar wani yanayi ma da ke samun lafiyayyu, inda salon da mutum ya yi shekaru yana yi zai ɓace masa rana ɗaya, jiki ya ƙi bin umarni. Bryony Page ta Birtaniya ta yi fama da irin wannan a farkon tasowarta.

MacLennan ta yi watanni ba ta cikakken atisaye. Ta koma motsa jikin da ke sake daidaita ido da kunne, ta koma ƙananan tsalle irin na masu koyo, tana ƙara salo ɗaya bayan ɗaya. A watan Nuwamba ta je gasar duniya a birnin Odense na ƙasar Denmak, ta zo ta huɗu. Ba ta samu lamba ba, amma matsayin ya wadatar wajen samar wa Kanada gurbi a Rio.

Rio 2016

Kanada ta zaɓe ta ta riƙe tutar ƙasar a bikin buɗe gasar Rio, girmamawar da ke zuwa da nata nauyin, domin idon ƙasa gaba ɗaya ya koma kanta. Tambayar da ke gabanta da Ross ita ce wane jerin salo za ta gabatar. Tana da wanda ya fi wuya da ta yi ta aiki a kansa, kuma al'adar masu kare kambu ita ce su ƙara a kan abin da suka yi a baya, don abokan hamayya ma ba a zaune suke ba. Sai suka duba lissafi suka ga cewa jerin da ya fi sauƙi yana ba ta damar tashi sama sosai, ta buɗe jiki da wuri, ta dira a tsakiya. Suka tsaya a kan wuyar maki 15.0, ƙasa da ta Landan.

A ranar 12 ga Agustan 2016 ta shiga zagayen ƙarshe a matsayi na uku. Page ta riga ta kafa 56.040, makin da ya ba kowa mamaki, ita kanta ta fashe da kuka da ta gan shi. MacLennan ta hau ta samu 56.465. Biyun da suka rage ba su kamo ta ba. Li Dan ta Sin, zakarar duniya a lokacin, ta ɗauki tagulla da 55.885, He Wenna ta zo ta huɗu.

Tazarar da ke tsakanin zinare da azurfa maki 0.425 ce. A ma'aunin wasan, wannan bai kai rabin daƙiƙa ba idan aka tara tsalle 10, ko kuma ragin alƙalai a kan 'yan kurakuran da mai kallo a talabijin ba zai ma lura da su ba. Da ta nace wa salon da ya fi wuya, abin da za ta samu a hannun dama yana iya zubewa ta hagu, wataƙila har da faɗuwa. Kowa ya daka ta ɓado, in ji masu iya magana, ba zai sha kallo ba. Gwani shi ne wanda ya san gwargwadon abin da jikinsa zai ɗauka a ranar da ake bukata.

Da wannan nasara ta zama ta farko a tarihin taramfolin da ta kare kambun Olamfik, kuma ta farko cikin 'yan Kanada, mace ko namiji, da ta ci zinare sau biyu a jere a wasan mutum ɗaya a gasar Olamfik ta bazara.

Karaya, korona da Tokyo

Yawancin 'yan wasan lanƙwasa jiki mata sukan ajiye wasa tun suna 'yan shekara ashirin da kaɗan. Taramfolin ya bambanta, domin sifirin na ɗauke wa gaɓoɓi wani ɓangare na nauyin dira, kuma ƙwarewar gane wuri a sama tana ƙaruwa da shekaru. MacLennan ta sake zama zakarar duniya a birnin St. Petersburg na Rasha a 2018 tana da shekara 30, shekara biyar bayan kambunta na farko, kuma a ƙarƙashin sabuwar ƙa'idar da ta shigo da auna nisan dira.

A 2019 ta karye a idon sawu a wajen wata gasa. Kafin shekarar ta ƙare ta warke, ta je gasar duniya a Tokyo ta ci tagulla, a bayan 'yan Japan biyu, Hikaru Mori da Chisato Doihata. Sai annobar korona ta ɓarke. A watan Maris na 2020 Kanada ta sanar cewa ba za ta tura 'yan wasanta Tokyo a wannan shekarar ba saboda lafiyarsu da ta jama'a, kwana biyu bayan haka aka ɗage gasar zuwa 2021. MacLennan tana cikin kwamitin wakilan 'yan wasa na hukumar Olamfik ta Kanada a lokacin.

Ƙarin shekara guda ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekara 32. Makonni kaɗan kafin gasar ta sake jin rauni a idon sawu, har sai da ta yi tafiya da sanda. Duk da haka, a ranar 30 ga Yulin 2021, a zauren Ariake da babu 'yan kallo, ta kai zagayen ƙarshe ta kammala salonta 10 ba faɗuwa, ta samu 55.460. Zhu Xueying da Liu Lingling na Sin suka ɗauki zinare da azurfa, Page ta ɗauki tagulla da 55.735. Maki 0.275 ne suka raba MacLennan da lamba ta uku. Ma'aunin da ya ba ta zinare a Rio da tazarar da ba ta kai rabin maki ba, shi ne ya hana ta tagulla a Tokyo da tazarar da ta fi wannan ƙanƙanta. Ta dai samu yin wasa a birnin da yaƙi ya hana kakanta zuwa shekara 81 da suka wuce. A wannan gasa ce kuma nahiyar Afirka ta samu wakilci a rukunin mata ta hannun Malak Hamza ta ƙasar Masar.

Abin da ta bari

MacLennan ta sanar da ajiye wasa a watan Disamban 2022 tana da shekara 34, bayan ta halarci gasar Olamfik huɗu, ta shiga zagayen ƙarshe a dukkansu. Ba ta bar karatu saboda wasa ba: ta yi digirin farko da na biyu a Jami'ar Toronto a fannin ilimin motsa jiki. Ta kuma shugabanci kwamitin wakilan 'yan wasan Olamfik na Kanada a daidai lokacin da 'yan wasa a ƙasar suke ta kokawa kan cin zarafi da matsin lamba a wasanni daban-daban, suna neman a riƙa sa lafiyarsu gaba da lambobin yabo.

Darasin da masu horarwa ke ɗauka daga tarihinta ya wuce taramfolin. Raunin da ba a gani da ido yana buƙatar haƙuri fiye da karaya, kuma ɗan wasan da aka ba lokaci ya warke yana iya dawowa ya kai matsayin da ya fi na da. Wannan ya shafi ɗan ƙwallon da ya yi karo da kai a fili, da ɗan dambe, da ɗan kokawa, waɗanda sau da yawa ake yayyafa wa ruwa a ce su koma fage.

Tarihin da ta kafa ya tsaya shekara takwas kafin a samu wanda ya kamo shi. A gasar Paris ta 2024, Ivan Litvinovich ɗan ƙasar Belarus ya kare zinaren da ya ci a Tokyo, ya zama namiji na farko da ya yi hakan. A ɓangaren mata kuwa, Bryony Page, wadda MacLennan ta sha gabanta a Rio, ita kuma ta hana MacLennan tagulla a Tokyo, ta ci zinare tana da shekara 33, ta haɗa lambobin uku ke nan. A kan dandamalin karɓar lambobi, a gefenta, akwai wata 'yar Kanada, Sophiane Méthot, da ta ci tagulla, ta dawo da ƙasarta cikin jerin masu lamba a wasan. Har zuwa wannan gasa, babu wata mace bayan MacLennan da ta ci zinaren taramfolin sau biyu a Olamfik.